Shekarar da Aka Rufe Kwalbar Humra

Ku matso kusa, 'ya'yana da 'ya'yan 'ya'yana. Mai shan jabana, gahawar nan tamu, ya ajiye finjali, mai latsa waya ya kifa ta a cinya. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba ta kura ba ce, ba ta tsuntsu ba, ta gidan nan ce, kuma masu ita wasu suna numfashi, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Ku amsa in ji muryarku. Madalla.

Abin da ya sa na ɗauko ta, na ji ƙananan cikinku suna cewa Ustaza ce ta kashe karatun Alhamis, wai zafinta ne ya kori matan gari. Ustaza 'yata ce ta fari, bakina bai taɓa kama sunanta ba, ba kuma yau zai fara ba. Amma kunya ba ta ce in zauna ina ji ana ɗora mata kayan da ba ita kaɗai ta ɗaure ba. Ku ji yadda aka yi.

Karatun Alhamis na surukata ne, Inna Tumba, uwar kakanku. A ƙauyen nan aka haife ta, nan gaɓar kogin Bahar kudu da garin Abu Hujar, amma harshenta na Sakkwato ne tsantsa, yadda iyayenta suka zo da shi. Duk Alhamis bayan la'asar matan gari sukan taru a ƙarƙashin rakubar gidanmu, rumfar karan nan da ke duban ruwa. Babu allo, babu littafi, karatun a ka yake, farillai da sunnoni duk a cikin waƙa. Ita ba ta zama ta yi ta zuba kamar mai wa'azi. Tambaya take jefawa tsakiyar tabarma, ta naɗe hannu ta jira. A gefen cinyarta akwai wata 'yar kwalbar humra mai murfin tsumma. Duk macen da ta buɗe baki ta amsa, ko ta dace ko ta kauce, sai Inna ta kira ta, ta dangwalo humra ta shafa mata a bayan hannu, ta ce, “Madalla, ɗiyata, kin buɗe muna ƙohwa.” Daga nan ta rera baitin da amsar take ciki, mu amsa mata, ba ta ce wance ta yi daidai ba, ba ta ce wance ta ɓata ba.

Wata Alhamis ta tambaya, “Mi ka karya alwala?”

Hajjo mai tuyar kisra, wainar dawar nan, maƙwabciyarmu da bakinta ba ya da linzami, ta ce, “Surutun uwar miji, Inna.”

Muka kwashe da dariya har masu goyo suka tashi 'ya'yansu. Inna ko murmushi ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta kamo na Hajjo ta shafa mata.

“Madalla. Wagga ba ta cikin littahi, amma ta kusa shiga.”

Haka mace za ta koma gida tana ƙamshi, mijinta ya shaƙa ya ce, “Yau kin yi magana ke nan.” Na ga amaren da ba sa iya ɗaga ido gaban manya suna rige-rigen amsa tambaya. Da safiyar Juma'a kuwa Inna takan ɗauki sandarta ta shiga gari gaisuwa, gida gida, ba ta dawowa sai rana ta take. Mukan ce tsohuwar nan ƙafarta ba ta san zama ba. To a shekarar da nake ba ku labari ƙafar ta koyi zama. Gwiwoyinta suka kumbura, daga ɗaki sai rakuba, a kan angareb, gadon igiya, muke ɗauko ta mu mayar. Yawon Juma'a ya tsaya, karatun Alhamis bai tsaya ba.

A cikin wannan shekarar Batula ta zo garin. Dangin mijin Hajjo ce, gwauruwa, ta girme ni kaɗan. Daga kambo ta fito, zangon 'yan ƙwadagon da ke wajen Managil, inda ta ƙare ƙuruciyarta tana tsinkar auduga a hawashar wasu, wato gonakinsu. Tafin hannunta kamar bayan itace. Kakanta ya baro ƙasar yamma da ƙafa zai je Makka, ya tsaya tsinkar auduga don ya sami abin ƙarasa hanya, a nan ya mutu. Uwarta ta ce ita za ta ƙarasa masa, ita ma a nan ta mutu. Yanzu ga ɗan Batula yana tuƙa mota a Jidda, ya aiko cewa ta shirya, aikin hajji mai zuwa da ita za a yi. Shi ya kawo ta wurinmu. Ta ce wa Hajjo ita ba ta taɓa zama gaban malami ba, ibadarta duk gani ta yi ana yi, kuma ba ta so ta tsaya gaban Ɗakin Allah da ibada mai ɓaraka.

Ta daɗe tana zama can bakin tabarma wurin takalma, ba ta ce uffan. Sai ran nan Inna ta tambayi yadda ake shafar kai a alwala. Can muka ji wata murya ƙasa-ƙasa.

“A jiƙa yatsu, a sa a ƙarƙashin mayafin tob, a taɓa gashin goshi.”

Inna ta ce, “Wa ta wagga? Matso, ɗiyata.”

Batula ta rarrafo. Aka shafa mata humra, aka ce mata madalla, an buɗe ƙofa. Inna ta ja baitin, muka amsa, amma ita Batula ba na jin ko kalma ɗaya ta shiga kunnenta. Hannunta kawai take kallo. Da aka tashi ta riƙe ni a bakin zaure, idonta ya kawo ruwa, ta ce,

“Ke 'yar'uwa, tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa ce mini madalla. Abin da na sani shi ne, ƙara sauri.”

Hajjo ta ce ranar Batula da hannu ɗaya ta yi wanke-wanke.

Ana haka Ustaza ta dawo daga birnin Madani da takardar shahadar karatun addini. Kakanku, Allah ya jiƙansa, ya dubi wahalar ɗauko uwarsa da mayarwa, ya ce tunda Allah ya kawo mai ilimi cikin gida, a hutar da tsohuwa. Da alheri ya nufa. Sai dai da abokansa ya fara yin maganar a ƙofar masallaci, har ta zagayo ta shigo kunnen Inna ta bakin wata mai kawo nono. Ranar tuwonta ya koma yadda aka kai shi.

Ina cikin ɗakin ina shafa mata mai a gwiwa lokacin da Ustaza ta shigo ta durƙusa. Inna ta laluba ƙarƙashin matashi ta ɗauko kwalbar ta miƙa mata. Yarinyar ba ta karɓa ba. Da Larabci ta saba kiran kakarta, ta ce,

“Haboba, ki yi mini afuwa. Na zauna na saurari matan nan. Kowa na faɗin abin da ya zo bakinta, a shafa mata turare ta tafi da shi gida. Addini ba a yi masa kara. Wadda ta yi daidai zan yaba mata, wadda ta kuskure in gyara mata.”

Inna ta ce, “Turaren ga ba ladan amsa ba na. Ladan buɗe baki na.”

“Na ji, Haboba. To gyaran fa? Yaushe ake gyaran?”

Ku riƙe wannan, tambayar an yi ta. Da idona na ga leɓen Inna ya motsa, amsa ta zo mata har baki. Sai kakanku, da ke tsaye a tsakar gida yana jin su, ya ɗaga murya ya ce,

“Inna, ki bar yarinya ta yi yadda aka koya mata. Zamani ya sake.”

Leɓen ya rufe. Ta mayar da kwalbar ƙarƙashin matashi, ta juya fuskarta ga bango.

“Ku da kunka yi karatu kun hi mu sani,” in ji ta.

Kada wani ya ce muku Ustaza ba ta iya koyarwa ba. Ta iya. Ba ta da tsawa, ba ta da raini, kowace babba khala, wato gwaggo, take ce mata. Ta kawo buta da tasa tsakiyar tabarma, ta ce karatun baki ya isa haka, kowa ta tashi ta yi a gani. Wadda ta yi daidai ta ce mata tamam, wadda ta kauce ta nuna mata nan take da lallashi. Ni kaina a hannunta na san abubuwan da na tsufa ban sani ba. Matan suna ɗan noƙewa, amma suna zuwa. Ranar da aka zo kan alwala, Ustaza ta ce wa za ta fara, sai ga Batula ta miƙe tun kafin a rufe baki. Ita da ke zama wurin takalma. Ta ratso tsakiyarmu da ƙarfin zuciyarta, don a wannan babin an taɓa ce mata madalla.

Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta wanke fuska, komai tsaf. Da ta zo kai, ta jiƙa yatsu ta zura ƙarƙashin tob ta taɓa gashin goshi, ta wuce kunne.

Ustaza ta ce, “Dakata, khala Batula. A zame tob, a shafi kai duka, daga goshi har ƙeya a dawo.”

“A gona akwai maza, 'yata, ba ma buɗe kai. Haka uwata take yi. Inna ma na faɗa mata, ta ce madalla.”

“Farilla ce, khala.”

“In aka bar farilla fa?”

“Alwala ba ta cika ba.”

“Salla fa?”

Hajjo ta yi wuf ta ce, “Ustaza, wannan butar taki yoyo take, ta jiƙa mini zane, a tashi haka nan.” Ba wadda ta yi dariya. Batula ba ta ɗauke idonta daga kan yarinyar ba.

“Ki gaya mini gaskiya, kada ki duba furfurata. Sallolina na baya fa?”

Ustaza ta dubi ƙasa. Da ta iya ƙarya da ranar ta yi. Ta ce, “A littafin da muka karanta, sai an rama.”

“Tun daga balaga?”

Ustaza ta gyaɗa kai. Batula ta ajiye butar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ta ce, “Na gode, Allah ya ƙara sani,” ta nemi takalmanta ta fita.

Daga ranar ta kama ramuwar salla. Hajjo ta ce bayan kowace salla sai ta jero wasu, ta jero wasu, har abinci ya huce, har gwiwa ta ƙi miƙewa. Ta aika wa ɗanta cewa bana ba za ta je ba, ba za ta tsaya gaban Ɗakin Allah da sallar rayuwa guda a wuyanta ba, ya bari sai ta rage. Ya yi waya ya yi magiya, ta ƙi. Da lokacin tsinkar auduga ya zo ta ɗaure kayanta ta koma kambo, ta ce ba ta iya wucewa ta gaban rakubarmu. Su kuwa sauran matan, tsoro ya shige su. Kowace tana tunanin in ta tashi ta yi a gani, wa ya san abin da za a tono a nata shekarun. Ustaza ta jefa tambaya, sai kaji su amsa mata. Takan ce, “Ku yi magana mana, iyayena, ba cizo nake yi ba.” Su yi murmushi su dubi tabarma. Wannan ta ce ɗanta ba lafiya, waccan ta ce aikin gona. Tabarmar da ba ta isarmu ta koma ana naɗe rabinta.

Yarinyar ta rame. Ba ta gaya mini ba, ni ma ban tambaye ta ba, tsakanina da ita magana ba ta yin tsawo. Ta shirya da kanta ta tafi garin Abu Na'ama wurin wani tsohon malami ta kai masa matsalar. Ya ce mata abin da ta faɗa yana cikin littafi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Amma akwai manyan malamai da suka ce shafar gaban kai ta wadatar, kuma wadda ta yi shekaru a kan haka bisa rashin sani ba a rushe mata abin da ya wuce, gaba ake gyara mata. Ta dawo ta shige madafa, na ji kukanta ta cikin hayaƙi. Ta so ta aika wa Batula, ta ga maganar ta fi ƙarfin saƙo. Ta so ta je, ta ga ina yarinya ina bin babbar mace har ɗakinta da gyaran addini. Ta ce bari Batula ta dawo, ta faɗa a gaban kowa yadda ta faɗi ta farko. Damina ta sauka, laka ta rufe hanya, alhazai suka tafi suka dawo. Batula ba ta dawo ba.

Da lokacin kaka ya zo, Inna Tumba ta rasu. A zaman makoki, da hantsi, mata sun cika gidan, Ustaza tana zagayawa da jabana, sai Hajjo ta share hawaye ta ce,

“Ni dai asirina ya bi ta kabari. Wata Juma'a ta zo mini wai ta ɗanɗana kisrata, ta ja ni bayan ɗaki ta ce in yi mata alwala ta gani. Ashe dugadugaina ba sa samun ruwa. Ta gyara mini, ta ce kada kowa ya ji.”

Wata daga gefe ta ce, “Ke ma? Ni aron allura ta zo, ta gyara mini tahiya.”

Wata ta ce ita duba jariri aka zo yi. Wata ta ce ita tambayar kuɗin albasa. Magana ta kama ko'ina kamar wutar kara. Ni kaina sai na tuna wata safiyar Juma'a ina amarya, ta same ni a dutsen niƙa ta gyara mini sujada, ta ce tsakanina da ita. Kowace a cikinmu ta yi shekaru tana zaton ita kaɗai ce daƙiƙiyar da Inna ta rufa wa asiri. Ashe karatun ƙafa biyu gare shi. Alhamis a ce miki madalla a gaban jama'a don bakinki ya buɗe ta ji inda kika karkace, Juma'a ta biyo ki gida ta miƙe ki ba mai gani. Batula ta zo bayan sandar ta jingina. Ta sami Alhamis, ba ta sami Juma'a ba.

Ustaza ta dire jabanar a ƙasa. Ta dubi ƙofar ɗakin kakarta ta ce,

“Na tambaye ta. Wallahi na tambaye ta.”



Da aka share makoki ta ce za ta Managil, na yafa tob na bi ta. Muka sami kambon a gefen tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki, bukkoki a jere, ƙurar auduga a kan komai. Batula tana salla a zaune, ƙafafu a miƙe, gwiwa ta daina lanƙwasuwa. Ta yi sallama ta gan mu, ta yi murna ta gaskiya, ta sa aka ɗora mana jabana. Ta yi mana ta'aziyya. Sannan Ustaza ta durƙusa ta faɗa mata abin da malamin Abu Na'ama ya ce, kalma kalma.

Batula ta daɗe tana juya finjali a hannunta.

“Sun karɓu ke nan? Har na uwata?”

“In Allah ya so, khala. Har nata.”

“Alhamdu lillahi.” Ta ajiye finjalin. “Da bara ne kika zo da wannan.”

Ashe mai motar da ɗanta yake tuƙawa ya sallame shi, takardunsa suka ƙare, aka maido shi gida. Ga shi can cikin gona yana ban ruwa. Ustaza ta fara ba ta haƙuri, Batula ta ɗaga mata hannu.

“Ba ki yi mini ƙarya ba, 'yata. Ni na ce ki faɗa. Inna ma ba ta yi mini ƙarya ba, na buɗe ƙofa kuwa. Miƙo mini butar can, ki duba mini ko yanzu na iya.”

Ta zame tob ɗinta, kanta fari fat, ta shafa daga goshi har ƙeya ta dawo. Ustaza ta buɗe baki za ta ce tamam, kalmar ta maƙale. Abin da ya fito shi ne, “Madalla, khala.”

Ni ban yi karatu ba, ba zan raba muku laifi kamar nama ba. Na dai san da kakanku ya fara shiga ɗakin uwarsa kafin ƙofar masallaci, da Inna ta haɗiye fushinta na rana ɗaya, da laka ba ta tsorata yarinya ba, da wata maganar muke yi yau. Kowannensu mutumin kirki ne. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Kakanku ya rayu shekaru bayan haka, bai taɓa tayar da zancen ba, amma duk Alhamis bayan la'asar yakan bar gidan ya tafi bakin ruwa. Hajjo tana nan, haƙora sun zube, bakin bai mutu ba. Ustaza ta gwada tayar da karatun, ta bi gida gida da ƙafarta ran Juma'a, matan suka karɓe ta da mutunci, suka ba ta shayi, amma ba su dawo tabarma ba, don an riga an san abin da ziyarar Juma'a take nufi. Ta koma koyar da ƙananan yara a makarantar gwamnati, kun san inda take. Rakubar, iska ta kwashe ta wata damina, ba a sake kafawa ba. Ɗan Batula ya yi ta neman hanyar komawa Jidda har yaƙin nan ya taso ya watsa mutane, yanzu ba mu san garin da yake ba.

Batula kuwa ba ta bar ramuwar ba. Ta ce ta saba, kuma ba ta san abin da za ta yi da lokacin ba in ta daina. A kambo ta rasu, a kan tabarmar sallarta. Aka binne ta a gefen tur'a, kusa da uwarta, kusa da kakanta, su uku a jere, fuskokinsu na duban Makka.